Ƙarar Agogon Baba Waliu

Mijina bai taɓa sayen abu ya bar ni na huta ba. In takalmi ne sai ya matse shi, in rediyo ce sai ta ƙi kama tashar da yake so. Don haka ranar da ya dawo daga kasuwar Sabon Gari da agogon hannu ɗan gwanjo, yana ta juya shi a gabana yana washe baki, sai na ce a raina, to Risikat, shirya kunnenki.

Sunansa Waliu, amma kaf Fagge Baba Waliu Mai Aska ake ce masa, ni kuwa Alhaji nake kiransa. Kaciya ce sana'arsa, gadon gidansu ce tun kafin kakansa Azeez ya baro ƙasar Yarbawa ya sauka Kano da zabirarsa a kafaɗa. Mu ba ma jira sai yaro ya yi wayo kamar yadda maƙwabtanmu Hausawa suke yi. Tun jariri yana jajir ake gamawa, bayan suna da 'yan kwanaki. Ni nake riƙe yaron a cinyata, shi ya yi aikinsa, kafin uwar ta gama salati a bayan labule an wuce wurin. Har Inyamuran Sabon Gari suna kawo masa nasu. Abin da yake alfahari da shi a duniya guda ɗaya ne: yaro bai taɓa samun matsala a hannunsa ba. Amma zamani ya ci rabin cinikinsa, yanzu yawancin mutane ƙaramin asibitin nan na Kwaciri suke kai yaransu, wurin wata nas da ake kira Sista Bridget. In ka ambaci sunanta a gidanmu sai Alhaji ya yi tsakin da za a ji a tsallaken titi.

Agogon ba na batir ba ne, kuma ba a yi masa wani, wato ba sai an murɗa shi ba. Wai motsin hannun mai shi yake ci ya rayu. "Agogon mai sana'a ke nan," in ji Alhaji, "malalaci ya ɗaura shi tsayawa zai yi." A hannun dama ya ɗaura shi, don a cewarsa abu mai daraja ba ya hawa hagu.

Bai yi sati ba aka fara.

"Maman Taofeek, zo ki saurara."

Ina tsaka da tankaɗen garin alabo ya kwance agogon ya miƙo min. Na kara a kunne. Tik-tik-tik, shi ke nan.

"Lafiyarsa ƙalau, Alhaji."

"Lafiyarsa ƙalau! Ba ki ji wani abu yana shaf-shaf-shaf a ciki ba, kamar ana shara a nesa?"

"Ban ji ba."

"Ina za ki ji? Hayaniyar kasuwar Singa ta gama da kunnuwanki."

Ka ji mutum! Ni da nake jin ɓera in ya taɓa buhun taliya daga ƙarshen shagona, wai ni ce kurma. Na ba shi abinsa na ci gaba da aikina.

Daga nan fa gidan ya koma gidan agogo. Yana cin abinci sai ya tsaya ya ɗaga hannu zuwa kunne. Ana hira da shi sai ka ga idonsa ya tafi wani wuri, hannu na sama. Ya ce ƙusa ce ta kwance a ciki. Washegari ya ce a'a, yashi ne ya shiga. Ya kwantar da shi cikin gwangwanin shinkafa wai ko ruwa ya sha. Ya koma wurin wanda ya sayar masa suka yi cacar baki har mutane suka taru. Sau biyu yana kai shi wurin Oga Chukwuemeka mai gyaran agogo, tsohon abokinsa da muke ce wa Oga Emeka, sau biyu yana dawowa da fushi. "Tsohon nan ya tashi aiki," in ji shi. "Ya ajiye agogo a kan tebur ya ce ba ya jin komai. A rufe shagon kawai a huta."

Ana cikin haka Kaosarat, matar ɗanmu Taofeek, ta haihu. Namiji. Bayan 'yan mata uku a jere, ga namiji, aka sa masa Azeez. Ban taɓa ganin Alhaji cikin farin ciki irin na ranar sunan ba. Ya manta da agogo, ya sauko da zabira daga kan kabad, ya kakkaɓe ta, ya zauna yana wasa askar kakansa a kan dutse yana waƙa ƙasa-ƙasa. Watanni ke nan ba a kawo masa aiki ba. Ya ce safiyar Asabar za a yi.

Amma da ya gama wasa askar ya ɗaga hannu zai share gumi, sai na ga ya daskare.

"Ga ta nan kuma! Wallahi ta ƙaru."

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce ya ba ni agogon nan, ni zan kai shi da kaina, in Oga Emeka bai gyara ba in jefa shi a kwata kowa ya huta. Ya ba ni yana gunaguni.

Shagon Oga Emeka wani ɗan lungu ne tsakanin mai sayar da tabarau da mai gyaran waya, mutum biyu ba sa zama a ciki. Haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, kuma jikokinsa maza duk a cinyata aka yi musu aiki. Ya ture wata kujerar roba ya ce, "Hajiya, zauna. Dama ke nake so ki zo."

Ban kawo komai a raina ba. Na ce, "Oga, don Allah ka raba ni da masifar nan. Ko dai akwai ƙara a agogon nan, ko kuma mijina ya fara jin abin da babu."

Ya kwantar da agogon a kan wani guntun katako, ya ɗauki siririn itace kamar tsinken tsire, ya dafa kai ɗaya a jikin agogon, ɗaya kan a kunnensa. Ya saurara. Ya kifa shi, ya saurara. Ya tsayar da shi a gefensa, ya sake saurara. Yana yi yana magana, ban sani ba da ni yake ko da agogon.

"In ƙusa ce ta kwance, duk juyin da na yi za ta gangara, ƙwal. Babu. In sifirin ɗin ne yake taɓa wani abu, sai ki ji amo kamar an taɓa cokali a kofin gilashi. Babu. In haƙori ne ya karye, tafiyarsa za ta riƙa ɗingishi. Wannan tafiyarsa daidai take."

"Wato dai Alhaji ne."

"Tsaya tukuna, Hajiya. Ke ma gaggawa gare ki kamar mijinki."

Ya maƙala gilashinsa a ido ɗaya, ya buɗe murfin baya. A ciki akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata, yana lilo a kan ƙusa guda. Ya ce wannan ne yake cin motsin hannu yana ɗura wa agogon ƙarfi. Sannan ya juyo min da cikin murfin, ya ba ni gilashin. Da ƙyar na ga wani siririn zane, sabo, yana ƙyalli.

"Ƙarfen nan ya tsufa, mazauninsa ya ɗan yi sako-sako. Yana gogar murfi. Mijinki ba ƙarya yake ba, kuma hankalinsa ras yake."

Na yi ajiyar zuciya na ce alhamdulillahi. Amma fuskar Oga Emeka ba ta saki ba. Ya mayar da murfin, ya ɗaura agogon a hannunsa, ya wurga hannun gaba da baya kamar mai tafiya, ya kawo kusa da kunnena. Shiru, sai tik-tik. Ya ɗaga hannun sama ya sauke. Shiru. Sai ya tsayar da hannun a dab da kunnena, ya shiga kaɗa shi kaɗan-kaɗan, da sauri-sauri, irin kaɗawar da ido ba ya ko lura da ita.

Shaf-shaf-shaf-shaf.

Kamar ana shara a nesa, yadda Alhaji ya faɗa.

"Tafiya ba ta sa shi, aiki ba ya sa shi," in ji Oga Emeka. "Sai wannan kaɗawar kawai. A kan tebur ba ya yi. A hannunki ba ya yi." Ya cire gilashin daga idonsa. "Zuwansa na biyu na lura. Ya ɗaga hannu yana saurare, bakin hannun rigarsa yana karkarwa. Ban iya faɗa masa a gaban 'yan kasuwa ba. Na gwammace ya ce na kurumce."

Abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya. Kofin shayi da ya koma riƙewa da hannu biyu, na ɗauka tsufa ne kawai. Gemunsa da ya fara kaiwa shagon aski, mutumin da bai taɓa yarda wani ya sa masa aska ba. Yaron ƙarshe da aka kawo, wanda aikinsa ya ɗauki lokaci har na ɗago na kalle shi, ya ce hasken ɗakin ne ba shi da kyau.

"Asabar zai yi wa jikanmu," na ce.

"Na ji an yi suna. Allah Ya raya." Ya riƙa juya agogon a tafin hannunsa. "Ƙarar nan ba wuya gare ta ba. Kafin ki sha ruwa na ɗaure ƙarfen, ba zai sake jin ta ba. Kina so?"

Wallahi na so. Na so in koma gida in ce ga shi an gyara, ya yi murna, ya ce ashe tsohon nan da sauransa. Amma sai na tuna Azeez, ɗan mitsitsi, ko wuyansa bai tsaya ba. Duk gidanmu ba wanda yake gaya wa Alhaji gaskiya sai wannan agogon.

"Bar shi yadda yake," na ce.

Daga can shagon Taofeek na wuce, inda yake sayar da cajar waya da su iyafis. Shi bai koyi aska ba, tun yana ƙarami jini yake tsoro. Na ja shi gefe na gaya masa komai. Ya tsaya yana kallon ƙasa, ƙaton mutum mai 'ya'ya huɗu.

"Mama, ni zan kalli Baba in ce masa hannunsa yana rawa? Ai sai ya tsine min."

"Ɗanka ne fa, Taofeek!"

"Wataƙila ba ta yi yawa ba. Ya saba, ko ido rufe zai iya. Mu yi addu'a kawai."

Haushi ya cika ni har wuya, amma ban ga laifinsa sosai ba, haka muka raine shi. Na ce ya koma kan cajarsa.

A gida na ba Alhaji agogon na ce Oga Emeka ya ce sai an nemo wani ƙarfe. Ya yi tsaki ya ɗaura. Sau nawa na buɗe baki a kwanakin nan zan yi magana, sai in gan shi yana shanya tsummokaran aiki a igiya, ko yana aika a sayo masa sabon ƙyalle fari, in haɗiye. Ni da ake tsoron bakina a Singa, na kasa furta kalma biyar a ɗakina.

Asabar da hantsi gida ya cika. 'Yan'uwan Kaosarat sun zo daga Kwaciri, maƙwabta mata suna tsakar gida, an ɗora ruwan zafi. A ɗakin Alhaji an shimfiɗa tabarma kusa da taga inda haske yake faɗowa. Na zauna, aka ɗora min Azeez a cinya, yana barcinsa. Alhaji ya naɗe hannun riga, ya kwance agogon zai wanke hannu.

Na ce, "Kaosarat, ɗauke shi ki ba shi nono tukuna. Ku ba mu wuri."

Suka fita suna kallon juna. Na tashi na sakaya ƙofa.

"Wane sabon salo ne wannan kuma?" in ji Alhaji.

Na ɗauki agogon daga kan tabarma, na riƙe a hannuna, na kara masa a kunne. "Me ka ji?"

"Maman Taofeek, yau ranar wasa ce?"

"Me ka ji, Alhaji?"

Ya saurara dole, don ba ya iya ƙin sauraren agogon nan. "Yanzu ta yi shiru. Dama haka take, zuwa take ta tafi."

Na kamo hannunsa na dama, na ɗora agogon a tafinsa, na ɗaga hannun zuwa kunnensa, na saki. Ɗakin ya yi tsit. Ina tsaye dab da shi, ni ma na ji ta. Shaf-shaf-shaf. Na karɓe, na sake kara masa da nawa hannun. Shiru. Na mayar masa a nasa. Ta dawo.

Ba sai na yi masa bayani ba. Mutum ne da ya yi shekara arba'in yana karanta jikin jarirai da ba sa magana.

Fuskarsa ta canja. Na ɗauka zai daka min tsawa, har na shirya. Sai ya ce a hankali, "Emeka ne ya gaya miki?"

"Agogon ne ya gaya masa."

"Ƙarya ne. Tsohon ƙarfe ne, ɗan gwanjo, wa ya san hannu nawa ya bi?" Ya ajiye agogon, ya sunkuya ya zaro askar daga zabira, ya buɗe ta. "Dubi nan. Dubi hannun nan da kyau."

Ya ɗaga ta a gabana, ya tsayar da hannu yadda yake tsayarwa in zai fara aiki. Rana ta taga ta bugi askar, haskenta ya faɗa jikin bango, ɗan fari kamar kwabo. Hasken nan ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Sai tsalle yake, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Alhaji ya cije baki, ya ƙanƙame ƙotar har jijiyoyin hannunsa suka fito, hasken ya ƙara haukacewa. Ya kawo hannun hagu ya riƙe wuyan na dama. Ya ɗan lafa, amma bai daina ba.

Muka tsaya mu biyu muna kallon bango. A waje ana ta dariya, wata tana tambaya ko ruwan ya tafasa.

Ya naɗe askar. Sau biyu yana kuskure bakin zabirar kafin ta shiga. Hawaye ya zubo min, ban share ba. Ban taɓa jin tausayin ɗan Adam kamar yadda na ji nasa a lokacin ba, kuma ban taɓa jin na tsani kaina haka ba, ko da yake na san daidai na yi.

Shi ya buɗe ƙofar da kansa. Ya kira Taofeek, a gaban kowa ya ce, "Nemo adaidaita. Ku kai yaron wurin matar nan ta Kwaciri." Sunanta ma bai iya faɗa ba.

Ni na rungumi Azeez muka fita. Duk layinmu suna ƙofar gida, sun ga jikan Mai Aska an saka shi a adaidaita sahu an nufi asibiti. Sista Bridget ta karɓe mu da mutunci, ba ta tambayi komai ba, ta yi aikinta lafiya lau. Kafin la'asar labari ya gama Fagge, ya tsallaka Sabon Gari.

Tun daga ranar ba wanda ya sake sallama da jariri a ƙofarmu. Ba na ganin laifinsu, ni ma da nawa na gudu. Mun je asibiti an ba shi ƙwayoyi, likita ya ce za su rage, ba za su warkar ba. Ba su ma rage ɗin ba sosai. Zabirar ta koma kan kabad, kuma na san ranar da za a sake sauko da ita, ranar rabon kayansa ce. Taofeek ba zai taɓa ta ba, Azeez kuwa zai tashi bai san me ake yi da ita ba.

Na ce ya kawo agogon in mayar wa Oga Emeka ya ɗaure ƙarfen, aikin minti kaɗan ne. Ya ce in bar masa abinsa. Ya daina ɗaga shi zuwa kunne, ya daina ƙorafi, ya daina ma yi min faɗa, ni da nake roƙon Allah Ya kawo ranar da zai yi shiru. Yanzu daga ya dawo masallaci sai ya zauna a benci a zaure, hannuwa a kan gwiwa, har azahar, har la'asar. Ba ya ɗaga ko tsintsiya.

Shi da bakinsa ya ce malalaci in ya ɗaura agogon nan tsayawa zai yi. Ga shi wata da watanni ba ya aikin komai, agogon bai taɓa tsayawa ba, ko minti ɗaya bai yi latti ba. Jiya da zai tashi alwala ya dafa kafaɗata, hannun a dab da kunnena. Ƙarar ba ta yi kama da shara a nesa ba kuma. Kamar a cikin ɗakin ake yin ta.